Damagaram, Tsohon Babban Birni: Abin da Garu da Turakun Iyaka Ke Faɗa wa Ɗan Kasuwa

 Da kwamitin wannan mujalla ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya ce in rubuta wani abu kan tarihi, sai na zaɓi garin da kusan kowannenmu ya taɓa sauke kaya ko ya kwana a cikinsa, wato Zinder, wadda bakinmu ya fi sabawa da kiranta Damagaram. Yawancinmu tasha da kasuwar Dole da ofishin duwan kaɗai muka sani a garin. Ni ma haka nake har watan Agusta na 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, kayana suka maƙale, na yi makonni ba aikin komai sai jiran labari. Zaman ya ishe ni, na shiga zaga gari da ƙafa. A nan na lura cewa tsofaffin gine-gine da alamomin garin nan labarin hanya suke bayarwa: wace hanya ce ta ɗaga shi, wace ce kuma ta kauce ta bar shi. Mu da abincinmu ke kan hanya ya kamata mu fi kowa sanin wannan labari.

Birni da garun Tanimun

Wanda ya hau ɗaya daga cikin manyan duwatsun Zinder zai ga gari uku ne aka haɗe. Daga kudu akwai Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take. Daga arewa akwai Zango, masaukin ayari. A tsakaninsu Turawan Faransa suka yi barikinsu da ofisoshinsu, har wurin ya zama sabon gari.

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barno yake, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa can. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya zaunar da gadon sarauta a Zinder. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya mayar da ita babbar daula. Ya kewaye Birni da garu, ya sayo bindigogi ta hanyar Turabulus, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ya ci Gumel a 1872. Yau guntaye ne suka rage na garun, wasu sun shige cikin katangar gidajen mutane, damina kuma tana rage su kowace shekara.

Da wane kuɗi aka yi wannan aiki? Da kuɗin hanya. Ayarin da ya taso daga Turabulus yakan biyo ta Gadamus da Gat, ya ratsa Abzin da Damargu, ya sauka Zinder kafin ya ƙarasa Kano. Daga arewa ana kawo yadi da takarda da sukari da murjani da makamai. Daga kudu ana ɗaukar gashin jimina da ƙirgi da hauren giwa da turkuɗin Kano. Gishirin Bilma da dabino da kanwa su ma nan suke sauya hannu. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: cikin hajar zamanin har da 'yan Adam, kuma harin bayi na cikin abin da ya cika taskar sarki. Wanda zai yi alfahari da garun, ya tuna da waɗanda aka sayar aka gina shi.

A cikin lungunan Birni akwai gidan da aka maƙala wa ɗan allo don tunawa da Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya iso Zinder ranar 25 ga Disamba 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu 1853. Abin da ya zaunar da shi wata guda shi ne abin da ke zaunar da mu: jiran kuɗi. Guzurinsa ya ƙare, sai da ayarin arewa ya kawo masa riyalin azurfa 1,000 da aka ɓoye cikin akwatunan sukari, sannan ya sayi kayan kyautar sarakuna a kasuwa ya nufi Katsina da Sakkwato da Tambutu. Wato tun shekaru 170 da suka wuce ana iya aiko kuɗi daga bakin tekun Libiya su iso hannun mai su a Damagaram. Ba banki, ba waya, amanar fatake ce kawai.

Cikin masu yi wa Barth hidima akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan yankin Kance, wanda aka kama bawa yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya je Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Baƙon yana da allo a Birni. Ɗan ƙasar da ya raka shi kuwa, da wuya ka sami wanda ya san sunansa a tashar Matamaye.

Zango da Malam Yaro

Zango Abzinawa ne suka fara kafa shi don sauke raƙuma a wajen garu, sannan Hausawa da Larabawan Gadamus da Turabulus suka cika shi. Nan ne gidajen masu masauki suke. Mai masauki shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, ya karɓi la'adarsa. Tsarin da muke bi yau a kasuwar dabbobi ta Maigatari ko ta Mai'aduwa, jikan wannan ne. Tsofaffin soraye masu zane a fuskar zaure da ake gani a Zango da Birni shaida ce ta dukiyar da wannan sana'a ta tara.

Babban attajirin Zango a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne Malam Yaro. Yana da wakilai a garuruwan da ke kan hanyar ayari, yana hulɗa da 'yan kasuwar Turabulus, sarakuna kuma suna jin maganarsa. Farfesa André Salifou, ɗan garin Zinder wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu a kansa da kuma kan daular Damagaram. Da Turawa suka zo, Malam Yaro ya yi abin da ɗan kasuwa yakan yi in mulki ya sauya: ya yi ciniki da sababbin masu iko. Za mu ga yadda ta ƙare masa.

Barikin da ke kan dutse

Ginin da ya fi kowanne tuna zuwan Turawa shi ne barikin soja da ke kan duwatsu, wanda Faransawa suka sa wa sunan Cazemajou, bayan 'yancin kai aka mayar da shi sunan Tanimun. Kyaftin Cazemajou ya iso Zinder a 1898 a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A lokacin Rabeh ya riga ya ci Barno tun 1893, kuma fada ta ji tsoron cewa Baturen zai wuce ne ya ƙulla ƙawance da shi. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa.

Shekara ta zagayo, rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni da Lugu. Shugabannin nan biyu ba su ga Zinder ba, sojojinsu ne suka kashe su a watan Yuli 1899, kuma direbobinmu suna wuce kaburburansu a Maijirgi, gabas da Tasawa. Ragowar rundunar ta gamu da mayaƙan Damagaram a Tirmini ranar 30 ga Yuli 1899, ta rinjaye su, ta shiga gari. An kashe Sarki Amadu a Rumji cikin watan Satumba. A watan Nuwamba wata runduna ƙarƙashin Foureau da Lamy ta ratso Sahara daga Aljeriya ta same su. Maƙabartar Turawa da ke garin ta ƙunshi wasu daga cikin waɗanda suka zo bayan nan, waɗanda zazzaɓi da ƙishi da yaƙi suka hana komawa gida.

A 1906 Faransawa suka ce sun gano makircin yi musu tawaye. Suka tsige Sarki Amadu ɗan Bassa suka kai shi gudun hijira Kodebuwa, kuma Malam Yaro na cikin waɗanda aka kama tare da shi. Aka bar gari a hannun Ballama, wani bafade, sai a 1923 aka dawo da sarauta aka naɗa Barma Mustafa. Kusanci da Turawa bai tsare attajirin Zango ba ranar da suka ga dukiyarsa da mutanensa sun yi musu yawa.

Turakun iyaka

Alamomin da suka fi shafar mu ba a cikin gari suke ba, suna can cikin gonaki tsakanin Magarya da Babura, tsakanin Ɗan Barto da Kwangwalam. Kafin Turawa, tsakanin Damagaram da Kano akwai gaba da yaƙi a wasu lokuta, akwai kuɗin fito, amma babu layin da ya ce nan ƙasa ta ƙare. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sake shi, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato aka ba Ingila. Da Faransawa suka gwada tafiya daga Kwara zuwa Zinder ta bayan wannan da'ira, sai suka tarar hanyar ba rijiyoyi. Suka koma teburin ciniki.

A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin da take da shi na kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada, Ingila kuma ta biya ta da wasu yankuna a Afirka, ciki har da matsar da iyakar nan kudu don ta sami hanya mai ruwa. An ƙara gyara a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa turaku, guda 148, aka rattaba hannu a 1910. Ku duba wannan al'amari: cinikin kifi a wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya yanke wane ƙauye zai biya haraji da tamma, wane zai biya da sule. Shingen da muke tsayawa a gabansa da takardun mota a hannu, daga nan ya samo asali.

Shekarar 1911

In za a zaɓi shekara guda a tarihin Zinder, to 1911 ce. A farkonta Faransawa suka dawo da hedikwatar yankin sojan Nijar daga Yamai zuwa Zinder. A cikinta layin dogo daga kudu ya iso Kano. A watan Oktobanta Italiya ta kai wa Turabulus hari. Garin ya sami kujerar mulki a shekarar da hanyar da ta raya shi ta fara mutuwa. Kayan da raƙumi ke kawowa daga Turabulus cikin watanni, jirgin ruwa da na ƙasa sun fara kawo su Kano ta Ikko cikin makonni, kuma da araha. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta biyo baya. Sannan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, wanda daga Zinder aka tura rundunar da ta karya shi a Agadas, ya halaka raƙuma ya tarwatsa Abzinawa masu ayari. Masu masaukin Zango da suka dogara ga arewa kaɗai suka durƙushe. Waɗanda suka juya fuska kudu, suka koma kai dabbobi da fatu da kanwa Kano suna dawowa da yadi da goro, su ne suka tsira.

Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, Zinder na babban birninta. Hakan bai daɗe ba. A ƙarshen 1926, zamanin Gwamna Brévié, aka mayar da babban birni Yamai. Dalilin da aka fi faɗa shi ne ruwa, kuma gaskiya ne: garin na zaune kan dutse, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, shi ya sa daga baya sai da aka janyo shi daga Arunguza da Gogo, har yau kuma 'yan garuwa ba su rasa ciniki. Amma akwai dalili na biyu. Zinder ta yi kusa da Kano, tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kuɗin Ingilishi na yawo a kasuwa, wanda haraji da aikin tilas suka dama kuma yakan tsallaka cikin dare. Yamai kuwa tana bakin kogi, tana fuskantar Dahomai da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka. Cinikin da ke tsakaninmu da kudu na cikin abin da ya sa aka ɗauke kujerar.

Gyaɗa, da abin da ya biyo baya

Bayan tafiyar gwamna, gyaɗa ce ta riƙe yankin. Magarya da Matamaye suka zama wuraren awo, ana kwashe buhuna zuwa jirgin ƙasa a Najeriya, wanda ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Kantunan kamfanonin Turawa da rumbunan ajiyarsu, waɗanda wasu ke tsaye har yanzu a tsakiyar gari, na wannan zamani ne. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya wani tsari na karkatar da gyaɗar ta Dahomai zuwa tashar Kwatano don kada ta bi ta hannun Ingilishi. Bayan 'yancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962, sai farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa. A wannan tsakani Maraɗi, wadda ta fi kusa da Katsina da hanyar Kwatano, ta sha gaban Damagaram a kasuwanci.

Mu kanmu mun ga irin wannan juyi da idonmu. An karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, cikin dare ɗaya wasu suka talauce wasu suka samu. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har cikin 2024. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, kuma Zinder ba ta kan layin. Duk ranar da jirgin ya fara aiki, lissafin kuɗin mota da na ajiya zai sauya ga mai bin hanyar Matamaye da mai bin ta Magarya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutanen Zango na 1911 ba su da wanda zai gaya musu abin da ke tafe. Mu muna da labarinsu a gabanmu, kuma gara mu fara tunanin inda za mu kafa rumbuna da wakilai tun jirgin bai yi kuka ba.

Abin da ya rage a wuyanmu

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, Zinder na jira. An yi wa gari kwalliya lokacin bikin Zinder Sabuwa na Disamba 2018, amma soron ƙasa yaɓe yake so kowace shekara. A yawon da na yi na ga zaure mai kyakkyawan zane rabinsa ya zube, magada sun rasa kuɗin gyara, wani kuma an rushe shi an yi shago da bulo. Soja yana da bariki mai suna, baƙo yana da allo, sarki yana da fada. Madugu da mai masauki da dillali, waɗanda guminsu ya ciyar da su duka, sai dai abin da ya rage a bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke.

Saboda haka nake roƙon shugabanninmu su duba abu uku a wannan shekara. Na farko, kowane reshe ya sa matasa biyu su zauna da dattawanmu su ɗauki maganarsu da waya: wace hanya suka bi, wa ya saukar da su, da wane kuɗi suka yi ciniki, yaya suka tsallake shekarun wahala. Na biyu, duk mai tsohuwar wasiƙar ajami, ko takardar haraji, ko littafin bashi na mahaifinsa, ya kawo a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Na uku, mu nemi izinin fada da na magajin gari da na masu gidajen, mu ɗauki nauyin yaɓen tsohon masauki ko guda ɗaya ne a Zango kafin damina, mu sa masa allo da Hausa, boko da ajami, mai faɗin su wa suka sauka a nan da abin da suka kawo. Kuɗin da za a kashe bai kai na dakon tirela guda daga Kano ba.

In kuma kaya suka sake tsayar da ɗayanku a Damagaram, kada ya ƙare yininsa a bencin tasha. Ya kama hannun yaron motarsa su shiga Birni su fita ta Zango, ya nuna masa guntun garu da zauren masu masauki. Waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya buɗe mana hanyoyi, Ya sa albarka a cikin ƙungiyarmu, Ya maimaita mana.